Kafin ka kai laftof ɗinka wajen mai gyara a Istanbul

A watan jiya kaɗai sababbin zuwa uku suka kira ni da kuka iri ɗaya: "Yaya, laftof ɗina ta ƙi ganin wayfai." Biyu har sun fara tambayar kuɗin sabuwa. Na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Sauran lamuran zama a nan ba sa son dogon bayani. Istanbulkart, katin shiga metro da bas, a na'urar bakin tashar metro ake saye, masallaci ko'ina ka waiga akwai, 'yan'uwanmu na unguwannin Aksaray da Esenyurt kuwa, Allah ya saka musu, ba sa barin baƙo ya kwana a titi. Abin da ba za su yi maka ba shi ne cika fom ɗin ikamet, takardar izinin zama, wanda a intanet ake cikawa alhali kwanakin bizarka suna ƙarewa.

Ni a nan na sha wuya. Ana jibi zan taso na kai laftof ɗina wajen wani mai gyara a Kano ya wanke ta ya sa sabuwar Windows. Ban gwada komai ba, na cusa ta a jaka. Da na kama ɗaki mai gidan ya ce min "internet var", wato akwai intanet, ya nuna min lambar sirrin a bayan akwatin. Waya ta hau, kwamfuta ko alamar wayfai babu. Maimakon in zargi kayana, sai na ɗora wa dattijon laifi. Kwana uku muna musu ta Google Translate, a tsakani ina fama da fom a waya, hoto ya ƙi shiga, shafi ya mutu in koma farko. Rana ta huɗu ya hawo da kwamfutar jikansa, ya kunna a gabana, ta haɗu nan take. Bai ce uffan ba, shayi kawai ya aiko min. Da kunyar na tafi wani shagon gyara, aka caje ni, aka mayar min da Windows ɗin gaba ɗaya cikin Turkanci, na yi watanni ina canki-canki tsakanin Evet da Hayır, wato e da a'a.

Ashe direba ce kawai babu, ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da katin wayfai na cikin kwamfuta. Ka fara duba ko ba a yanayin jirgi take ba, don wasu maɓallin Fn suka danna bisa kuskure. In ba shi ba ne, buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta. Idan ka ga Network Controller da alama mai ruwan ɗorawa a jikinsa, katin na nan lafiya, direbarsa ake nema.

To ta ina za ka sauko da ita ba intanet? Wayarka ta Android da kebul. Hospot ba zai yi ba, tunda shi ma wayfai ne. Jona wayar da kwamfuta, ka shiga saitin hospot, ka kunna USB tethering. Windows tana ɗauke da direbar wannan tun asali, cikin daƙiƙu za ka ga ta hau. In maɓallin ya ƙi kunnuwa, kebul ɗinka na caji ne zalla, ari wani. Masu iPhone ku naku da ɗan tsayi, sai an fara sa manhajar Apple a kwamfutar.

Kada ka ƙona datarka. Haɗa wayar da wayfai ɗin gida ko na hostel, ita za ta miƙa wa kwamfutar ta kebul. Daga nan ka shiga Windows Update, ɓangaren Optional updates, direbobi suna can. In babu, koma kan katin a Device Manager, ka buɗe Details, ka zaɓi Hardware Ids: VEN_8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Sai ka je shafin kamfanin laftof ɗin da lambar samfurinta. Waɗancan manhajoji masu alkawarin gyara duk direbobi da danna ɗaya, don Allah ka rabu da su. Direbar da ka samu ka ajiye kwafinta a filas.

Kuma ku daina mamakin abin da kowa ya gaya muku tun a filin jirgi. Wayar da ka zo da ita daga gida kwana 120 take aiki da layin Turkiyya, daga nan a toshe ta sai ka yi mata rajista, kuɗin kuwa a 2025 ya haura lira dubu 45, ya fi kuɗin yawancin wayoyinmu. Wani yaro ranar da tasa ta mutu har zai jefar da ita. Layi kaɗai aka rufe, wayfai da kebul suna nan suna aiki. Tawa tsohuwar Tecno tana cikin durowa da kebul ɗinta a naɗe, ita na ɗauka na je wajen yaran nan uku.