Yadda ake ɗinka fatarin net don siket ya buɗe

Siket mai tattara ko doguwar rigar amarya ba ta tsayuwa da kanta, abin da ke ƙarƙashinta ne yake ɗaga ta. Shi ne fatarin net. Inda teloli da yawa suke kuskure shi ne su tattara net ɗin tun daga ƙugu, sai mace ta fito da tulin kaya a ciki da kwankwaso, ƙasan siket kuma ya zube. Buɗewar daga ƙasan kwankwaso take farawa, tana ƙaruwa har zuwa ƙafa.

A ɗauki misalin mace mai ƙugu inci 32, kwankwaso 42, tsawon siket 42. Fatarinta zai tsaya a 40, domin ya kamata siket ya fi shi tsawo da inci biyu, kada net ya riƙa leƙowa in tana tafiya. Za a buƙaci yadi biyu da rabi na shafi (yadin da ake sawa ta cikin kaya), yadi biyar na net mai tauri, roba mai faɗin inci ɗaya, da bayas (siririn ƙyallen da ake naɗe bakin yadi da shi). In an shiga Kasuwar Wunti a Bauchi ko Babbar Kasuwar Gombe, a dunƙule net ɗin a hannu a saki. Wanda ya miƙe nan take shi ake nema. Wanda ya kwanta luf na ado ne, ko an jibga yadi goma ba zai ɗaga atamfa ba. A kuma auna faɗinsa a gaban mai shago, don lissafin nan na net mai faɗin inci 60 ne.

Da shafi ake farawa. A yanka falle biyu, tsawon kowane inci 42 da rabi, faɗin sama 23, na ƙasa 36, a ƙara rabin inci a kowane gefe na ɗinki. In an haɗa su, sama ya zama 46, wato kwankwaso da ƙarin inci huɗu don ya wuce ba tare da zif ba, ƙasa kuma 72. A kalmashe sama da inci ɗaya da rabi a yi gidan roba, ƙasa da inci ɗaya. Kada a zura robar tukuna, domin ɗinki ya fi sauƙi a kan yadi shimfiɗaɗɗe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa a nan, shafin auduga ya fi mai santsi, ko da ya ɗan fi nauyi. Na roba kuma a lokacin hunturu manne wa ƙafa yake yi.

Sai a ja layi uku da alli a kewaye: a inci 10, da 20, da 30 daga ƙugu. Layin ƙasa zai ɗauki net falle huɗu masu tsawon inci 10, faɗin kowane 60, a haɗa su faɗin ya zama 240. Na tsakiya falle uku masu tsawon 20, jimla 180. Na sama falle biyu masu tsawon 30, jimla 120. Duka ukun a bakin fatari suke ƙarewa, shi ya sa ƙasa yake samun ninki uku, sama ninki ɗaya. A fara ɗora na ƙasa, sannan na tsakiya, na sama ya zo ya rufe su, ta haka gaɓar da ke tsakani ba za ta fito a jikin siket ba.

Wajen tattarar ne aikin yake cin lokaci. A saita keke a ɗinki mafi tsawo, a sassauta zaren sama, a yi layi biyu kusa da juna, sannan a ja zaren ƙasa. Kada a yi layi ɗaya tal a kan inci 240, zai tsinke ana tsakiyar ja. A yi kowane falle daban. A raba net ɗin gida huɗu, a raba layin allin gida huɗu, a haɗa alamomin da fil kafin a ja zare. Wanda ya tsallake wannan zai ga gaba ya cika, baya ya zama fayau, siket ya karkata gefe guda.

Net ba ya zarewa, saboda haka ba ya buƙatar kalmasa, amma bakinsa yana karce ƙafa, yana kuma jan zaren leshi. A naɗe shi da bayas. Daga ƙarshe a yanka roba inci 30 a zura. In kayan sun yi wa roba nauyi tana zamewa, a yi mazagi kamar na wando.

Leshi mai duwatsu yakan danne net komai taurinsa. Maganinsa kirinolin, wato tef ɗin raga mai tauri, mai faɗin inci uku a bakin siket ɗin kansa, ta ciki. Ba a jansa lokacin ɗinki, domin in aka ja shi sai ya tsuke, bakin siket ya yi ta murɗewa. Siket da ya kama jiki ya buɗe daga gwiwa kuwa, layi biyu na net sun ishe shi, a fara na sama daidai inda buɗewar ta soma.

Dutsen guga mai zafi yana narkar da net, sai dai a rataye shi ya saki da kansa. A wanke da hannu ba tare da murzawa ba, a shanya shi ƙafa a sama, a ajiye shi a rataye, ba a ƙasan akwati ba. Ranar gwaji kuma a sa mai kayan ta saka takalmin da za ta je biki da shi, ta yi tafiya, ta zauna a kujera, kafin a datse tsawon.