In kin kama yaro yana shaƙar sholisho, kar ki firgita shi

Iyaye mata, ga shawara. In kin tarar da yaro da tsumma ko leda a hanci yana zuƙar sholisho, fetur ko tina, kar ki daka masa tsawa. Kar kuma yayyensa su bi shi da gudu.

Tururin nan yana bi ta huhu ya shiga jini cikin daƙiƙoƙi, ya taɓa zuciya. Firgita ko gudu a wannan yanayi na iya rikita bugunta, ta tsaya nan take, ko da ranar ya fara shaƙa.

Ki yi masa magana a hankali, ki karɓe ledar, ki fito da shi tsakar gida ya sha iska. Kar a ƙyasta ashana kusa da shi. Na san ranki zai ɓaci ƙwarai, amma faɗa ya jira sai ya dawo hayyacinsa.

In ya riga ya suma, ko numfashinsa na sarƙewa, lallashi ba zai yi ba. Ki kwantar da shi ta gefe ɗaya don kar amai ya shaƙe shi, a garzaya asibiti. Don Allah kar a ɗura masa madara ko manja.