Yadda ake sayen sabon batirin laftop wanda ba na kamfani ba

Masu tambaya daga ƙauyukan Rano da Ringim, ga matakan:

1. Kashe kwamfutar ka cire batirin. In na ciki ne, mai gyara ya kwance maka.
2. Ɗauki hoton lambar da ke jikinsa.
3. Tafi kasuwar Farm Centre ko Beirut Road a Kano da kwamfutar da cajarta, kada ka yi kuɗin mota biyu.
4. Gwada lambobin sabon batirin da na tsohon, musamman na ƙarfin wuta (V). 10.8V da 11.1V duk ɗaya ne, amma 14.8V daban yake.

Hattara: nan ake faɗawa. Batiri biyu kan yi kama, bakin jonawar ya bambanta.

5. Ɗora sabon kan teburi. In yana rawa, ya kumbura, ajiye musu.
6. Jona a shagon ka ga yana hawa.
7. Zare cajar minti 15. In kason cajin ya faɗo gaba ɗaya, mai yiwuwa tsoho ne aka sake wa riga.
8. Karɓi rasit mai garanti a rubuce.