Yadda ake bin sawun ruwa a cikin ƙasa da aisotof

Ba duk ruwan damina ne yake kaiwa ga matattarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Don sanin nawa ne ya nutsa da kuma saurin tafiyarsa, ana auna oksijin-18 da diyutiriyom, wato aisotof (nau'o'in oksijin da haidurojin) masu ɗan nauyi da ke cikin ruwa, waɗanda ba sa rikiɗewa komai daɗewa. Ana rubuta sakamakon kashi cikin dubu, bisa ma'aunin VSMOW, ruwan da ake kwatanta kowane samfuri da shi, na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Viyana.

A fara da ruwan sama. A kafa kwalba da mazurari, a zuba man farafin kaurin milimita 5 don ya hana ƙafewa, a riƙa kwashewa duk wata har damina ta wuce. Idan aka zana diyutiriyom (δ²H) da oksijin-18 (δ¹⁸O) a jadawali, ruwan sama yana bin layin da masanin kimiyya Craig ya fitar a 1961: δ²H = 8δ¹⁸O + 10. Ruwan da rana ta taɓa kuwa yana faɗowa ƙasa da layin, da gangare tsakanin 2 da 5 maimakon 8 idan na cikin ƙasa ne. A Sahel, mamakon tsakiyar damina ya fi yayyafin farko ƙarancin aisotof masu nauyi, kuma wannan bambancin ne ake nema a cikin rami.

Zaɓen wuri yana da nauyi ƙwarai. A yankin Yamai, binciken da aka yi ya nuna cewa ruwa yana nutsewa ne galibi ta ƙarƙashin tabkuna. Wanda ya haƙa a kan tudu kaɗai zai ce babu abin da ke sauka. Saboda haka a haƙa a tudu, a haƙa a bakin tabki.

A yi haƙar a bushe da mahaƙar hannu, ko ɗigon ruwa kada a zuba a ramin. A ɗebi ƙasa duk santimita 10 a mita biyun farko, daga nan duk santimita 25. Nan ne aka fi yin ɓarna: ƙasar da aka bari a buɗe cikin rana ko iskar hunturu, ko na mintoci kaɗan ne, ruwanta mai sauƙi yana tashi ya bar mai nauyi, sai sakamako ya nuna ƙafewar da ba ta faru a ramin ba. A zuba nan take a kwalbar gilashi mai murfin roba, a cika ta, a naɗe bakin, a ajiye a sanyi. A auna nauyinta a fili, a sake aunawa a ɗakin gwaji. Idan ya ragu, a yar da samfurin. Kowane mataki a ware wani kaso a busar a digiri 105 na awa 24 don sanin laimarsa.

A ɗakin gwaji ana dumama ƙasar cikin bututun da aka zuƙe wa iska, a kama tururin da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Dole a fitar da aƙalla kashi 98 cikin 100 na ruwan, domin mai sauƙi ne ke fara fita. Laka tana riƙe ruwa, tana buƙatar ƙarin zafi da lokaci fiye da rairayi. Ƙasa mai yawan ruɓaɓɓen ganye kuma tana rikita na'urar lesa da ke auna aisotof ɗin.

Wajen lissafi, a bar sashen sama inda ƙafewa da saiwoyi ke aiki. A ƙasa da shi a nemi alamar damina biyu a jere, wato zurfin da aisotof masu nauyi suka ragu. Misali, idan tazararsu mita 1.2 ce, laima kuma kashi 4 cikin 100 na girman ƙasar, ruwan da ya nutsa milimita 48 ne a shekara. Lissafin yana ɗauka cewa sabon ruwa na tura tsoho ƙasa bai ɗaya. Ramukan gara da tsagewar lakar fadama suna karya wannan, kuma alamar kan dushe da zurfi, don haka a auna kuloraid, sinadarin gishiri da shi ma ake ƙiyasta ruwan da ya nutsa da shi, a samfurin guda a gwada amsoshin biyu.