Idan An Kawo Yarinyar da Aka Ci Zarafinta: Inda Ma'aikatan Jinya Ke Kuskure

Uwar da aka yi wa 'yarta fyaɗe ba kasafai take faɗa daga bakin ƙofa ba. Za ta ce yarinya na kuka in za ta yi fitsari, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. Nas ɗin da ta rubuta maganin sanyi ta sallame su, ta yi kuskuren farko. A ja uwar gefe, a rufo ƙofa, a ce: "Baiwar Allah, akwai abin da kike zargi?"

Wanda ya fi tsada shi ne a ce musu, "Ku je caji ofis ku kawo takarda tukuna." Maganin kariya daga ƙanjamau, PEP, sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, kuma kwana 28 ake sha. Yarinyar da ta fara al'ada, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ba ya wuce kwana 5. Iyalin da aka kora ranar Juma'a da yamma, kafin a gama shawara da baffanni da kawunnai Litinin ta yi. Magani ne farko, 'yan sanda su biyo baya. In babu maganin a wurinku, a tura su ranar zuwa cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: cibiyar Waraka a Asibitin Murtala na Kano, ko Salama a Kakuri da Zariya da Kafanchan, ko Nana Khadija a Sakkwato. A kuma ja kunnen uwa kada ta wanke kayan jikin yarinyar, shaida ne.

Sai yawan tambaya. Nas ta tambaya, likita ya tambaya, har mai shara ta leƙo ta tambaya. Mutum ɗaya ya isa. Kada a sa mata magana a baki da "Wane ne ko?" A bar ta ta faɗa, a rubuta yadda ta faɗa.

Akwai kuma mai dubawa ta ce "budurcinta na nan, ba abin da ya faru." Yawancin yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin rauni a jikinsu, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin budurci ba shi da tushe. Maganar "budurcinta na nan" kaɗai ta isa ta wanke mai laifi. Yara maza ma ana yi musu, an fi mantawa da su.

Faɗa wa uwa "ina kike har aka yi haka?" ba ya warkar da kowa, kuma ba za ta dawo ba. Ita ce fa za ta riƙa ba da maganin nan kullum.

In dangi suka zo da batun rufin asiri, wai mai unguwa zai yi sulhu, nas ba alƙali ba ce, amma tambaya ɗaya tana wuyanta: wanda ake zargi yana gidan? In yana nan, a sanar da ma'aikatan walwalar jama'a, a san inda yarinyar za ta kwana kafin ta bar asibiti.