Yadda za ka shigar da tsohon sebin ɗinka cikin emuleta ba tare da ya salwanta ba

Duk wanda ya taɓa shafe wata da watanni a kan gem ɗaya ya san ɗan fayil ɗin nan na sebin gumin mutum ne, matakan da ka haye da makaman da ka tara da ƙungiyar ƙwallon da ka gina tun ba ta da kowa duk suna ciki. To idan na'urar ta tsufa ka koma bugawa a kwamfuta ko waya da emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem, ba sai ka faro daga farko ba, sebin ɗin yana shiga lafiya lau, sai dai akwai wuraren da ake yawan yin tuntuɓe.

Kafin komai ka yi kwafi. Ka ɗauki fayil ɗin asali ka ajiye a wata folda daban ko a filashi, kar ka taɓa shi, da kwafin za ka yi aiki. Ni ya faru da ni shi ya sa nake nanatawa, na sa sebin ɗina na Pokémon Emerald a emuleta, gem ɗin bai gan shi ba ya buɗe kamar sabo, sai na fara sabon wasa na yi sebin don in gwada, ashe ya hau kan tsohon ya shafe shi, kuma ba ni da wani. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Sannan ka sani sebin iri biyu ne. Akwai wanda gem ɗin da kansa yake rubutawa a memori kad ko a cikin kaset, akwai kuma wanda emuleta ke yi wanda za ka gani a menu da sunan Save State, shi wannan hoton ƙwaƙwalwar na'urar ne gaba ɗaya a daidai wannan daƙiƙar. Na biyun ba ya ƙaura, wani emuleta ba ya karanta na wani, kai wani lokacin ma in ka sabunta emuletan sai ya ƙi karanta wanda ya yi da kansa a baya. In shi kaɗai ke hannunka ka buɗe shi a emuletan da ya yi shi, ka shiga cikin gem ka yi sebin na gaske, shi za ka ɗauka.

Game Boy da GBA da SNES su ne masu sauƙi. Dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ka kunna gem ɗin a sabon emuletan, ka yi sebin sau ɗaya, ka rufe emuletan ruf, sai ka je ka duba inda ya ajiye fayil ɗin da sunan da ya ba shi, ka sa naka a gurbinsa da wannan sunan sak. Rufewar nan dole ce, don wasu sai lokacin fita suke rubuta sebin, in yana buɗe zai hau kan naka. Emuletan mGBA yana amfani da .sav shi kuma RetroArch .srm, yawanci abin da ke ciki ɗaya ne, ƙarshen sunan kawai za ka canza. Amma ka kula Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ka zaci ka canza alhali ya zama .srm.sav, don haka ka kunna nuna shi tukuna. Ka duba girman fayil ɗin ma, Emerald da FireRed 128 KB suke buƙata, in an saita emuleta a kan 64 KB gem ɗin zai yi ta kukan sebin ya lalace.

A Nintendo DS kuwa emuletan DeSmuME yana ƙara wani ɗan bayani a wutsiyar fayil ɗinsa na .dsv, saboda haka ka bi ta Import Backup Memory in shigarwa za ka yi, in kuma emuletan melonDS za ka kai ka fitar da shi a matsayin .sav.

PS1 kad ɗinsa 128 KB ne mai gida 15, kuma .mcr da .mcd duk kusan abu ɗaya ne. In ka ci karo da .gme na DexDrive ne, wata tsohuwar na'urar kwashe kad zuwa kwamfuta, yana da ƙari a kansa, ka buɗe da manhajar MemcardRex ka juya shi. Emuletan DuckStation ma yana da nasa wurin gyara kad.

PS2 ne mai ɗan aiki, kuma shi aka fi tambaya. In sebin ɗin yana kan kad na gaske mai 8 MB, kana buƙatar PS2 mai Free McBoot, manhajar da ke ba ta damar kunna wasu manhajoji, ka buɗe uLaunchELF mai sarrafa fayiloli, ka shiga mc0 wato kad ɗin, ka kwafi foldar gem ɗin, ka koma mass wato filashinka wanda aka yi wa fomat da FAT32, ka zaɓi psuPaste, zai ba ka fayil ɗin .psu guda. A kwamfuta kuma emuletan PCSX2 yana ajiye kad ɗinsa a foldar memcards da suna Mcd001.ps2, ka buɗe shi da manhajar mymc ka shigar da .psu ɗin, yana karɓar .max da .cbs ma. In mymc ya ƙi buɗe kad ɗin to sabo ne ba a yi masa fomat ba, ka kunna BIOS, wato menun PS2 na asali, a PCSX2 ba tare da gem ba ka shiga Browser ka yi masa fomat sannan ka dawo.

Yanzu ga abin da ke sa mutum ya yi komai daidai amma gem ya ce babu sebin, wato yanki. Gem ɗin Amurka yawanci lambarsa da SLUS take farawa, na Turai SLES, na Japan SLPM ko SLPS, kuma da wannan lambar gem yake neman sebin ɗinsa. Ka duba sunan foldar, in ka ga BESLES na Turai ne, in BASLUS ne na Amurka, sai ka nemi gem ɗin da ya dace da shi. Wasu suna canza sunan foldar su gwada sa'a, ni ban ba da shawarar hakan ba sai a kan kwafi. Haka abin yake a PSP, ULUS na Amurka da ULES na Turai, can foldar sukutum za ka ɗauka daga PSP/SAVEDATA ka zuba a irin wannan wurin na emuletan PPSSPP, kar ka tsinci fayil ɗaya daga ciki. GameCube kuma emuletan Dolphin yana karɓar .gci ta Memory Card Manager a ƙarƙashin Tools.

In kana da tsohon kaset na Game Boy irin Pokémon Gold ko Silver, ɗan batir ne a ciki ke riƙe da sebin ɗin, ranar da ya mutu sebin ya tafi. Ka samu na'urar karanta kaset irin GBxCart RW ko GB Operator ka kwashe shi zuwa kwamfuta tun yanzu, kuma ka kwashe kafin ka canza batirin, don da zarar ka cire tsohon komai ya goge.