Kafin ka tattara ka koma ƙauyen bakin daji, ga yadda ake neman gida da fili

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 haya da abinci suka yi tashin gwauron zabi a Abuja da Kaduna da Kano, kullum sai kaji wani yana cewa shi fa ya gaji, zai kwashi iyalinsa ya koma wani ƙauye mai itatuwa da inuwa, ya samu ɗan fili ya gina gida ya dasa mangwaro da kashu ya ajiye 'yan awaki. Ni dai ina bayan wannan niyya, kuma wuraren suna nan, kudancin Kano wajen Tudun Wada da Doguwa, yankin Lere da Saminaka, Toro a Bauchi, ƙauyukan Nasarawa, har can saman Mambila wajen Gembu ga wanda baya tsoron sanyi da nisa. Amma duk abinda zan faɗa akan magana ɗaya ya tsaya, dan Allah kar ka saya tukuna. Ka fara kama haya ko ka nemi aron ɗaki a garin, ka ga daminarsa ka ga raninsa, sannan ka fito da kuɗinka. Hayar ƙauye ba ta da tsada, fili kuwa in ka saya ya zame maka matsala sai ka shekara kana neman wanda zai karɓa ko da rabin kuɗin baka samu ba.

Tsaro shi ne na farko, ba sai an ɓoye ba. Kowa ya san abinda dazukan Rugu da Kamuku da Kuyambana da yankin Birnin Gwari suka zama, kuma abin yana yawo, garin da yake lafiya bana baɗi sai Allah. Toh kar ka tambayi dillali ko akwai zaman lafiya, shi la'adarsa yake nema. Je tasha ka zauna da direbobi da 'yan acaɓa, ka samu malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramin asibitin garin wanda shi ma baƙo ne, ka gaisa da 'yan banga da mafarauta. Kuma kar kace “lafiya kuwa garin nan?” domin kowa zai ce maka lafiya lau. Tambaya zaka yi mai kama wuya, yaushe rabon da a ɗauki mutum a nan ko a ƙauyen kusa, ƙarfe nawa motoci suke daina bin hanyar, mutane suna noma gonakin nesa ko sun bar su, akwai wanda ake biya kuɗi kafin a yi shuka ko girbi? In kaga gonaki masu kyau sun zama saura, ga gidaje a kulle, ga fili ana bayarwa da arhar da ta wuce hankali, ka riga ka samu amsa. Sannan wancan burin na gida shi kaɗai a tsakiyar itatuwa babu maƙwabci, a halin da muke ciki ka ajiye shi. Ka zauna gefen gari inda in an yi ihu za a ji, itatuwan suna nan a bayan katangarka.

Shiga gari kuma da ɗan gari ake yi. Ka samu wanda aka yarda da shi ya kai ka wajen mai unguwa, daga nan wajen dagaci, ka tafi da ɗan goronka, kace ranka ya daɗe ga ni ga sana'ata ga inda na fito ga abinda nake so. Wannan gaisuwar ba ɓata lokaci bace, ranar da rigimar iyaka ta tashi wajensu za a fara zuwa, kuma mutumin da ya shigo ta bayan gida ba a tsaya masa.

Yanzu maganar fili, nan ne mafi yawan mutane suke ƙonewa. Dajin da ka gani kamar babu mai shi, wallahi yana da mai shi. Ko gandun dajin gwamnati ne irin su Falgore da Lame-Burra da kewayen Yankari da Gashaka-Gumti da ƙananan gandaye da yawa da ko allon sunansu ya ruɓe, ko makiyaya ce da aka keɓe tun dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, ko burtali ne da shanu suke bi shekara da shekaru. Za a iya nuna maka wuri an sassare shi ana noma a ce ai shekara goma muna nan babu wanda ya yi magana, wannan baya mayar da shi halal ɗin mai sayarwa, ranar da gwamnati ta waiwayo kai za a rushe wa gini. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma sashen gandun daji da na filaye ka tambaya, ka kuma je ka gaida ardon yankin kace masa Ardo ta ina dabbobi suke wucewa zuwa mashaya? Zai nuna maka, kuma ka yi aboki tun kafin ka tare. Wanda ya gina a kan burtali ya sayi rigima da kuɗinsa.

In filin na mutane ne, ka binciki ta yaya ya zo hannun mai sayarwa. Gado ne, saye ne, aro ne, jingina ce? Wanda aka ba aro ko jingina bashi da ikon sayarwa ko ya shekara talatin yana nomawa. In gado ne, an raba ko ba a raba ba? Da yawa babban wa ne zai sayar da gonar gida, ƙanne suna ci-rani a Legas ko Fatakwal, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu ba wanda ya tambaye su, bayan shekara biyu sai kaga sammaci daga kotu, kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gadon da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe kason da aka sayar maka. Saboda haka kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu ko ya dangwala.

Akwai wani abu da mutanen birni basu cika sani ba, a ƙauyuka da yawa gona daban itacen cikinta daban. Zaka sayi fili saboda wata ƙatuwar ɗorawa ko tsamiya ko kuka ko kaɗanya, lokacin 'ya'ya ya zo kaga mata sun shigo da kwanduna, ashe itacen na wani gida ne tun kakanni. Ka tambaya itace bayan itace, a rubuta a takarda. Haka sare manyan itatuwa irin maɗaci, ko a filinka ne ka nemi izinin malaman daji, ni ma dai shawarata ka bar su, ai saboda su ka zo.

Ranar ciniki a taka iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya nuna nasa da bakinsa a gaban mai unguwa. Kar ka yarda da “daga wancan marken zuwa waccan kanyar”, itace yana faɗuwa. Kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun siminti, hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, da yawa abinda ake kira hekta a baki ko eka biyu bai cika ba. A yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama, kuɗi kuma ta banki domin ya bar shaida. Takardar ciniki mai hatimin dagaci da hakimi tana da amfani amma ita kaɗai bata isa ba, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya, har hekta 500 in na noma ne. Ka nemi wannan, in da hali ka ci gaba har satifiket na jiha, wajen hukumar rajistar filaye ta jihar, a Kaduna sunanta KADGIS, a Kano KANGIS, a Nasarawa NAGIS.

Shi gidan kansa, ko ginanne zaka saya ko fili zaka gina, watan Agusta ake duba shi. Wurin da ya burge ka a Janairu, ƙasa a bushe hanya sumul, a Agusta zaka iya tarar da shi fadama ce, rafin da ka tsallake da takalmi ya hana mota wucewa kwana biyu, toh in haihuwa ta zo wa maiɗakinka da dare fa? Ka zaɓi tudu ko jigawa, ka duba jikin bango ko akwai layin da danshi ya hau, ka leƙa cikin silin da fitila ka soki katako da ƙusa domin gara a wurin itatuwa ba ta wasa, tana cinye rufi daga ciki waje yana nan kamar lafiya. In gini zaka yi azarar giginya tana jure mata, katako kuma a shafa masa magani ko baƙin mai kafin a ɗora. Duba rassan da suka rufo kan kwano, iskar farkon damina tana karya su, itacen turare kuma da aka fi shukawa a Mambila da Filato saiwarsa tana shanye ruwa, kar ka bar shi kusa da rijiya ko tushen gini.

Ruwa kuwa akasin haka, a Maris ko Afrilu ake gwada shi. Leƙa rijiyoyin maƙwabta lokacin, ka tambayi mata da yara masu ɗiba, su suka san wadda take ƙafewa. Yawancin wuraren nan ƙarƙashinsu dutse ne, kar ka kira masu bohol sai an yi awon ƙasa tukuna, an sha haƙa rami mai zurfi a tashi babu ko ɗigo. Wuta ka ɗauka babu kawai, ka yi lissafin sola da batir, kuma farantin sola yana son sarari, inuwar reshe ɗaya tana rage masa ƙarfi sosai. Sabis ma ka gwada layukanka a cikin ɗakin da zaka kwana, ba a kan tudun bakin kasuwa ba, in aikinka na intanet ne Starlink, wato intanet na tauraron ɗan adam, yana aiki a Najeriya tun 2023 amma shi ma sai ya ga sama fili babu ganye.

Maciji gaskiya ne, musamman lokacin shuka da girbi. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum sai yaga kamar ya warke alhali jini yana zuba a ciki. Tun kafin ka tare ka san asibiti mafi kusa da yake ajiye allurar dafin maciji, Kaltungo a Gombe da Zamko a Filato sun yi suna a wannan aikin. In abin ya faru kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti. A share ciyawa kewaye da gida, tarin itacen girki da rumbu da akurkin kaji su yi nesa da ɗakin kwana domin ɓera ke jawo maciji, kowa ya riƙe tocila da dare, yara su saba da takalmi. Gidan sauro dole ne, in kuma zaka kawo shanu daga arewa ka tambayi likitan dabbobi maganar ƙudan tsando da cutar sammore da yake sa wa shanu a bakin rafukan wurin. Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya da masu neman sabon toho suna sa wa daji wuta, iskar hunturu ta kora ta, saboda haka tun Nuwamba ka share fili mai faɗi zagaye da gida da 'yan dashenka.

Tashin kansa ka sa shi bayan girbi, Nuwamba zuwa Janairu, hanya ta bushe, hatsi yana da sauƙi ka cika rumbu, ga hutun makaranta na Disamba. Kafin nan maiɗaki ta je ta ga wurin da idonta ta kwana, ita zata wuni a gidan, ita ta san nisan injin niƙa da makarantar yara da islamiyya, in bata yarda ba a sake shawara. Kar ka cika motar kanta da kujeru da firji a shiga gari ana kallo, kai kayan kaɗan kaɗan, a tashi da sassafe a isa da rana tsaka, direba ya zama wanda ya san hanyar. Ka riƙe kuɗin cefanen wata shida aƙalla wanda baya jiran gona, domin mangwaro ko mai aure ne sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba ka wani abu. Ka san ranar kasuwar garin da mai POS da mai facin taya, ka ajiye lambar ɗan acaɓa biyu da mai mota ɗaya da zasu ɗauki waya ko ƙarfe biyun dare, in an yi rasuwa ko suna ko aikin gayya na gyaran hanya ka fito tun makon farko ko ba a aiko maka ba.